Kunne da Sauti: Hedifon Mai Buɗaɗɗen Baya a Ƙasar Rake da Tumatir

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Ina gaida mutanen Ikara da Paki da Auchan da Kurmin Kogi. Ina gaida na Makarfi da Gimi da Gubuchi da Tashar Yari, haka nan na Kudan da Hunkuyi da Likoro. Manoman rake da masu lambun tumatir, sannunku da aiki, Allah ya sa wa noman bana albarka.

Yau a kan abin da muke sawa a kunne za mu tattauna. Wanda ya ratsa kasuwar Makarfi ranar Laraba ya ga yadda iyafis ya zama ruwan dare: ɗan acaba da shi, mai tura waƙa a memori da shi, ɗalibar kwalejin lafiya ma da nata a ƙarƙashin hijabi. Kusan duk ƙanana ne na toshe kunne, masu waya ko na bulutut. To akwai wani babba da samarinmu suka fara cin karo da shi a YouTube, musamman masu burin buɗe ɗan situdiyo, shi ne hedifon mai buɗaɗɗen baya. Masu yabonsa kan ce wanda bai saurari kiɗa da shi ba, bai san daɗin kiɗa ba. Akwai gaskiya a maganar, akwai kuma zuzutawa. Tun da kuɗinsa ba kaɗan ba ne, gara mu zauna mu tantance kafin wani ya kwashi cinikin rakensa ya zuba a abin da ba zai more ba.

Bari mu fara da ƙirarsa. A cikin galibin hedifon akwai 'yar ƙaramar lasifika: maganaɗisu, da siririyar waya naɗaɗɗiya, da wata fata ta roba mai shara-shara. Idan lantarkin waƙa ya bi ta cikin wayar, sai fatar ta riƙa motsi gaba da baya tana tura iska, iskar ce ke bugun dodon kunnenka ka ji sauti. Amma fa fatar nan fuska biyu gare ta. Yadda take tura iska wajen kunne, haka take turawa ta baya. To ina sautin bayan zai nufa?

A hedifon mai rufaffen baya, ƙoƙo ne a wurin, babu hanyar fita. Sautin ya bugi ƙoƙon ya dawo, ya cakuɗe da na gaba. Malam, ka taɓa zura kanka cikin randar da babu ruwa ka yi magana? Muryar takan yi kauri, ta yi gum, har ka ji kamar ba taka ba ce. Wani abu mai kama da haka ne ke faruwa a rufaffen hedifon, sai dai gwanayen masu ƙira kan cusa soso a ciki su rage shi. Shi kuwa buɗaɗɗen, in ka juya shi ka duba, raga za ka gani ta ƙarfe ko ta roba, har kana hango lasifikar a ciki. Sautin baya ficewa yake yi ya bi iska, ya bar maka na gaba wankakke. Shi ya sa mai sauraro ke jin kiɗan ya yalwata, kamar daga filin gabansa yake zuwa, maimakon ya taru a tsakiyar kansa.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da ita a 1968, da wani samfuri mai suna HD 414, mara nauyi, mai soso a bakin kunne, aka kuma sayar da shi sama da miliyan 10. A farkon zamaninsa, hedifon kaya ne mai nauyi na sojoji da ma'aikatan rediyo. Wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, shi ya riƙa haɗa su da hannu a gidansa a jihar Utah wajen 1910, sojojin ruwan Amurka suna saye. Dattawanmu da suka riƙe Walkman ta kamfanin Sony, wadda ta fito a 1979, za su tuna ɗan siririn hedifon nan mai soso da ke zuwa tare da ita. Shi ma buɗaɗɗe ne. Ke nan da yawanmu mun taɓa sa irinsa a kunne tun zamanin kaset.

Me mutum zai ji da na ƙwarai wanda ba ya ji da iyafis ɗin teburin kasuwa? A nan nake so mu ɗan daɗe. Ɗauki karatun Alƙur'ani. A 1961 ne Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari ya naɗi Alƙur'ani cikakke a Masar, kuma har gobe malaman tajwidi na tura ɗalibai su saurare shi saboda tsaftar haruffansa. Sa karatun a iyafis mai araha, za ka ji shi, za ka bi shi. Sa shi a buɗaɗɗen hedifon mai kyau cikin dare, gari ya yi tsit, za ka ji inda gunna ta fara a hanci da inda ta ƙare, ka ji tsawon madda, ka ji ɗan bugun ƙalƙala a ƙarshen aya, ka rarrabe sin da sadi ba tare da ka koma baya sau uku ba. Har jan numfashin mai karatu kafin ya shiga aya ta gaba za ka ji. Ga gardi ko ɗalibar Islamiyya da ke gyaran karatu, wannan riba ce ta gaske, kuma a ganina ta fi duk abin da masu talla ke faɗa muhimmanci a wajenmu.

Haka abin yake a kiɗanmu. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka, kuma a cikin wannan hawa da sauka kirarin yake. Iyafis mai araha yakan kumbura bes ɗin har ya danne komai, sai dum-dum kawai. A hedifon mai gaskiya, kana jin kalangun Shata daban, 'yan amshi daban, muryarsa a gaba. Kana jin yatsun Ɗanmaraya Jos a kan tsirkiyar kuntigi, kana jin gurmin Haruna Uji da ɗan kakarinsa. Waɗannan kayan kiɗa da muryar ɗan Adam duk a tsakiyar ma'aunin sauti suke zaune, kuma nan ne buɗaɗɗen hedifon ya fi gwaninta.

Sai dai wanda ya saba da bes mai girgiza ƙirji irin na lasifikar biki zai ji kamar an rage masa wani abu. An rage ɗin kuwa. Sauti mai kauri yana son rufaffen wuri, shi kuma wannan a buɗe yake, don haka bes ɗinsa a natse yake, ba ya rugugi. In waƙoƙin zamani na rawa ne abincinka, kana iya saye ka yi da-na-sani.

Abu na gaba shi ne abin da kake ba shi ya karanta. Waƙar da ke kan faifan CD tana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Yawancin MP3 da ake tura mana a shagon caji 128 ne, wasu ma ƙasa da haka, don a cusa waƙa dubu a memori ɗaya. Wa'azin da aka naɗa da waya daga bakin lasifikar masallaci, aka tura ta WhatsApp, wannan ya tura wa wancan, ya riga ya tsiyaye tun a hanya. Tsofaffin waƙoƙinmu kuwa da yawa daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne. Hedifon mai kyau ba ya gyara ɓarna, tona ta yake yi. Duk shuu ɗin kaset da tsatsar naɗi zai kawo maka su har cikin kunne. Wannan yana taɓa mini zuciya, domin dukiya ce babba muka bari tana lalacewa. Masu riƙe da kaset da faifai na asali a gidajensu, don Allah ku adana su, ku nemi wanda zai juye su zuwa kwamfuta da kyau tun kafin zare ya ruɓe.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, yanzu ga babbar magana. Ragar nan da ke fitar da sauti, ita ce kuma ke shigo da shi. Buɗaɗɗen hedifon ba ya tare hayaniya ko kaɗan. In kana zaune kusa da injin niƙa, ko maƙwabci ya tada janareto, ko kana cikin motar haya daga Tashar Yari zuwa Zariya, duk ƙarar nan tare za ku yi sauraron. Abin da kake ji kuma na kusa da kai yana ji. A ɗakin kwanan ɗalibai ko ɗakin da maigida da uwargida da jariri ke kwana, zai zama abin damuwa. Kayan ɗaki ne mai shiru. Wanda ba shi da irin wannan wuri ko irin wannan lokaci, to bai kai ga buƙatarsa ba tukuna, komai kuɗinsa.

Amma shigowar ƙarar waje tana da nata amfanin a cikin gida. Uwa tana sauraron tafsiri za ta ji kukan ɗanta. Maigida zai ji sallama a zaure, zai ji kiran salla. Ɗinki kike yi ko saƙa, Hajiya, ba a raba ki da gidanki ba.

Samari masu situdiyo, ku matso kusa. Ni da nake muku magana yanzu, hedifon da ke kaina rufaffe ne, kuma haka za ku tarar a kowane gidan rediyo. Dalili kuwa, in buɗaɗɗe ne, muryata za ta fita ta ragar ta koma cikin makirfo. Haka mawaƙi ko sha'iri da ke gaban makirfo yana bin kiɗa a kunne: in ka ba shi buɗaɗɗe, kiɗan zai zubo cikin naɗin muryar, ba kuma za ka iya tsame shi daga baya ba. Wurin naɗi, rufaffe ake so, irin su Sony MDR-7506 da ke aiki a situdiyoyin duniya tun 1991, ko DT 770 na kamfanin Beyerdynamic. Buɗaɗɗen yana shigowa ne bayan mawaƙi ya tafi, lokacin da ka zauna haɗa murya da kiɗa. A nan yana da rana sosai, musamman a irin shagunanmu masu kwanon rufi da bangon siminti tsirara, inda lasifika ke amsa-kuwwa ta ruɗe ka. Sau da yawa za ka ji waƙar yaro mai basira, muryar ta nutse a cikin kiɗa, ko fiyano ya yi tsini yana sukar kunne. Ba rashin iyawa ba ne, abin da ya saurara da shi ne ya yi masa ƙarya. In jarinka na guda ɗaya ne kacal, fara da rufaffen, domin shi zai yi maka aiki biyu ko da ba cikakke ba. In Allah ya buɗa, ka ƙara da buɗaɗɗen.

Ta wajen daɗin sawa kuwa, a ƙasarmu ya ci tuta. Ku tuna zafin watan Maris da Afrilu. Rufaffen hedifon mai matashin leda, kafin rabin awa kunne ya jiƙe sharkaf, bayan 'yan watanni ledar ta fara ɓarewa tana manne maka a kumatu. Buɗaɗɗen iska na ratsa shi, kuma yawancinsu matashinsu na yadi ne mai laushi irin karan-miski. Nauyi ma abin dubawa ne: Sennheiser HD 600 giram 260 ne, DT 990 na Beyerdynamic kuma wajen 250, mutum na iya wuni da su. Wasu manya masu tsada sun kusa rabin kilo, wuya kan gaji. Mai tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, ya ji ko ana danna masa ƙarfen a gefen kai. Mai doguwar hula sai ya cire ta, haka mai ɗaurin ɗankwali mai tudu ko sabon kitso mai tsayi, ta duba inda maɗaurin zai zauna.

Maƙiyin buɗaɗɗen hedifon a nan shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu ba ya barin komai, ragar kuma ƙofa ce a buɗe. Kada a rataye shi a ƙusa. A sa shi a jaka ko akwati in an gama, kada a hura masa iska da baki da ƙarfi, kada ruwa ya kusance shi. Matashin yadin ana cire shi a wanke, a bari ya bushe sarai kafin a mayar.

To kuɗi fa? A nan mutum ke buƙatar natsuwa. HD 600, wanda ya fito tun 1997 kuma har yau ake auna sababbi da shi, yakan kama dala 300 zuwa 400. Ka buga da canjin yau, ka ga buhun taki nawa ke nan. Akwai kuma na alfahari: a 2015 Sennheiser ta fitar da wani mai suna HE 1 a kan kusan dala 55,000. Kada wannan ya sa ka ɗauka tsada ita ce kyau. A 2017 wani masanin sauti, Jeroen Breebaart, ya bi ma'aunin hedifon 283, ya kwatanta yadda suke fitar da sauti da farashinsu, ya tarar kusan babu dangantaka tsakanin biyun. Akwai masu sauƙi da suka yi suna: Philips SHP9500 bai kai dala 100 ba, Samson SR850 da Superlux HD681 ba su cika wuce 50 ba, AKG K240 kuma tun shekarun 1970 zuriyarsa ke aiki a situdiyo. Ga mai gyaran karatu ko mai fara haɗa waƙa, ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar. Wayar haɗi ta zinariya da ake cewa tana ƙara daɗin sauti kuwa, ni shawarata a bar ta a shago.

Akwai wata lamba a jikin kwali da ake rubutawa da om, ita ke nuna yadda hedifon ke turje wa lantarki. Mai om 32, wayarka Tecno ko Infinix za ta tuƙa shi lafiya. HD 600 om 300 ne, DT 990 na situdiyo 250. In ka soka irinsu a waya kai tsaye, sautin zai fito a raunane, sai ka ƙara sayen 'yar amfilifaya, wani kuɗin ke nan. Wayar da ba ta da ramin iyafis kuma sai an nemo mata ɗan mahaɗi. Ka lissafa duka kafin ka yi ciniki.

Inda irin wannan hedifon mai waya ya fi na bulutut nesa ba kusa ba shi ne tsawon rai. Babu batir a cikinsa, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Na bulutut, batirinsa na mutuwa, galibi shi ke nan ya tashi aiki. Shi kuwa irin HD 600, wayarsa ana zare ta a sa sabuwa, matashin ma haka, har lasifikar ana canzawa. Abin da za ka riƙe shekara goma, in ka raba kuɗinsa a kan shekarun, wani lokaci ya fi sauƙi a kan iyafis ɗin da kake sake saye duk bayan wata biyu. Ka dai yi hattara da jabu, domin sunayen da suka yi fice su aka fi kwaikwayo. In ka je PZ a Zariya ko Farm Centre a Kano, tafi da wayarka da karatu ko waƙar da ka sani ciki da bai. Sa shi a kai, ka zauna ko da minti goma ne. Saurari ɓangaren dama, saurari na hagu, motsa wayar ka ji ko tana yankewa. In na hannu ne, duba matashin, ka leƙa ragar ko fatar ta lotsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai shagon da ya hana ka gwaji, yi masa sallama ka wuce gaba.

Sauran magana ɗaya, wadda ta shafi kowa, har wanda ba zai taɓa sayen wannan kaya ba. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ke mayar da motsin iska ya zama ji. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar shi ne: a desibel 80, babba na iya sauraro awa 40 a mako. A 90, awa 4 ne kacal a mako. A 100, minti 20. Wayoyi da yawa in aka ƙure su suna kaiwa 100 ɗin nan.

Ga yadda wannan ya haɗu da zancenmu. Mutum yana ƙure sauti ne galibi don ya danne hayaniyar da ke kewaye da shi. Wanda ya ɗauki buɗaɗɗen hedifon ya shiga kasuwa ko ya zauna kusa da injin matse rake, dole ya ƙure shi, kunnensa ya sha ƙara biyu a lokaci guda. A ɗaki mai shiru kuwa, da rabin sautin ma za ka ji komai tar. Hukumar ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, a kuma riƙa ba kunne hutu. Iyaye, ku lura da yaran da ke kwana da iyafis a kunne har asuba. Ƙannena 'yan acaba, hanyar Zariya zuwa Kano ba wurin toshe kunne ba ce, da kunne kake jin tirelar da ke bayanka kafin madubi ya nuna maka ita.

In ka cire iyafis ka ji kunnenka na ta ƙara shi kaɗai, ko magana ta koma maka kamar daga nesa, ko ka lura kana yawan cewa "na'am?" a cikin taro, kada ka ɗiga masa mai ko ruwan wani ganye, kada ka soka tsinke ko gashin kaza. Je babban asibitin Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi a duba ka. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, inda ake da na'urar auna ji. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, amma mai ƙara a kunne kada ya jira ta.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)